Kawu Bai Taɓa Ware Albasa Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa a Danchadi, bayan jinyar kwana tara. Kafin azahar mun kai shi. Mai shi ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe.

Ni na shiga ramin na karɓe shi. Mutumin da ya shekara arba'in yana saɓa buhun albasa shi kaɗai, ranar nan bai fi damin kara nauyi ba.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ni nake faɗa, maƙwabcina malamin allo yake rubutawa. Na ce masa kada ya ƙara wa mamaci halin da ba nasa ba. An yi masa wannan isasshe a wurin makoki.

Babban ɗansa, taubashina, ma'aikaci ne a Sakkwato. Shi ya sa aka kafa rumfar haya a ƙofar gida, aka shimfiɗa darduma, aka jera kujerun roba. Wanda ya zo a mota, rumfa aka nuna masa. Manoman da suka yi rayuwa da Kawu a fadama suka zauna kan tabarmi a gindin danga, suna matsawa duk inda inuwa ta matsa. A cikin gida ma haka, matata ta gaya mini: matan birni a ɗakin matar Kawu, a bakin gado, matan ƙauye a tsakar gida kusa da turmi. Ba wanda ya ba da umarni. Kowa ya dubi tufafinsa ya san inda zai zauna.

Wani Alhaji mai motocin lodi ya ɗaga murya yadda na gindin danga za su ji.

"Tsohon ga ya koya muna zaman duniya. Shekara ashirin wurinshi nike sayen albasa."

Sau biyu ya taɓa saye. Na uku ya tafi yana zagi. Ina wurin.

Manomin da ke kusa da ni ya ce a hankali, "An koya mai, bai dai ɗauka ba."

Matar Kawu, da muke kira Inna, ba ta yi kuka gaban mutane ba. Da na shiga gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Kowa na faɗin alherinshi. Kasuwa ta ci alherin, mu munka ci taurin kan." Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban san ko kuka ta yi a ciki ba.

Rana ta uku wata tsohuwar Bafulatana ta zo daga wajen Horo Birni da ƙwaryar nono. Ba ta je rumfa ba, ba ta shiga gida ba. Ta ajiye ƙwaryar a bakin zaure, ta yi addu'arta, ta tambayi wanda ta fara gani, ni ke nan.

"Wa za shi zauna wurinshi a kasuwa?"

Na ce ni.

Ta daɗe tana kallona. Ta san ni. Duk mai cin kasuwarmu ya san shekara shida ina zaune tsallaken titi, ina fuskantar Kawu, ba ma gaisawa sai ta dole. Ta ce, "To." Ta tafi, ko ƙwaryar ba ta jira ba.

Ba wurin take tambaya ba. Wuri ƙasa ce, taku huɗu a gindin dogon yaro. Tana tambaya ne ko zan kasa albasa yadda yake kasawa. Dalilin wannan magana ke nan, don wanda bai san Kawu ba ya san abin da ya bar mini, da abin da na yi da shi.

Kasuwarmu tana bakin titin da ya tashi daga Bodinga ya nufi Shagari, mako-mako take ci. Ta manoma ce, wanda ya noma shi ke kawowa. Albasa, tumatir, tattasai, attarugu, gero, wake. Masu saye kuma kowa da lokacinsa, kamar an raba musu.

Da safe masu motoci ne daga Sakkwato, da mutanen kudu masu sayen lodi. Mai mota ba ya fitowa. Zai sauke gilashi rabi, ya miƙo yatsa, manomi ya taso da gudu da kwando a ka. Daga hantsi zuwa azahar sai masu albashi: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, matan 'yan sanda, 'yan bautar ƙasa da ke ciniki da yatsu don ba su jin Hausa. Fulani da Buzaye suna shigowa in sun sayar da abin da suka kawo. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi kaya suka yi laushi, sai matan ƙauye su fito, da tsofaffi, da waɗanda mazansu suka tafi ci-rani ba labari, da masu jiran a tashi su tsinci abin da ya zube.

Kowane mai albasa gida uku yake raba ta. Manya masu sheƙi a gaba, na masu mota. Matsakaita na masu albashi. Ƙanana da masu tabo a baya, na bayan la'asar. Ba mugunta ba ce, haka muka tarar ana yi. Amma in mutum ya fito daga kasuwa ba sai ka tambayi gidansu ba. Leƙa ledarsa kawai.

Kawu bai taɓa warewa ba. Bakwai yake kasawa: manya biyu, matsakaita uku, ƙanana biyu. Haka da safe, haka da la'asar, haka ga kowa. In ka ce manya zalla kake so, ya nuna maka maƙwabci da haɓa. In ka matsa masa ya ce, "Fangali guda sunka hito. Gona ba ta ware mani ba, ni ko ba ni ware maka." Maganarsa ke nan shekara arba'in, bai ƙara mata ba, bai rage ba.

Kuma ba ya tashi zuwa mota. Yana zaune kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa, 'yar sandar geza a gefe, goro a kunci. Mai son albasarsa sai ya sauko ya tsuguna, kuma wanda ya riga tsugunawa shi ake fara sallama. Albasar kuwa ta isa a tsuguna mata. Ja ce, busasshiya, tana wata uku a ɗaki ba ta tsira ba. Ya san ranar yanke mata ruwa, bai taɓa cika mata takin zamani ba. Na ɗauka don ita masu motoci suke haƙuri da shi.

Na tuna wata Hajiya, farkon zuwanta. Mota baƙa, gilashi baƙi. Direbanta ya zo ya tsuguna ya fara tsame manya daga nan da can yana tarawa. Kawu ya ɗora masa sanda a bayan hannu. Bai buga ba, ɗorawa kawai ya yi.

"Maida."

"Baba, Hajiya ta ce manya."

"Hajiya ta yi mani ban-ruwa? Maida."

Direba ya koma ya faɗa. Gilashi ya sauka.

"Baba, ko nawa ne zan biya. Biki gare ni."

"Allah shi sa alheri. Bikin babu yara? Su ci ƙananan."

Masu tumatir suka yi dariya. Na zaci za ta tafi. Sai ta buɗe ƙofa ta fito, leshinta yana jan ƙasa, turarenta ya danne warin kasuwa. A lokacin wata mai itace, da ta sayar da daminta da wuri, tana tsugune gaban Kawu, gammo a cinya, tana kwance bakin zane. Wurin tsugunawa ɗaya ne. Hajiya ta tsuguna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, tana tattare leshi.

Ta ce, "To sai a yi mini gyara, tunda an sauko da ni."

Kawu ya ɗauki ƙarama guda ya ɗora mata. Ya ɗauki ƙarama guda ya ɗora wa mai itace.

Hajiyar nan ta yi shekaru tana zuwa. Sau da yawa ta tsuguna kusa da mai itacen nan. Ban taɓa jin ta ce mata sannu ba. Kada wani ya ce Kawu ya gyara duniya. Gwiwoyinsu kawai ya daidaita, na ɗan lokacin da ake zuba albasa a leda.

Alhajin da ya yi jawabi a rumfa kuwa, ga yadda zuwansa na uku ya kasance. Ya ga ba za a ware masa ba, sai ya ce a ba shi kashi goma. Aka ba shi. Ya sa yaran motarsa suka tsince manya da matsakaita suka zuba a buhu, ƙananan suka bar su a ƙasa. Ya ture su da takalmi.

"Ga sadaka nan, Baba. A ba masu la'asar."

Kawu ya miƙe, abin da ba ya yi. Ya kama gindin buhun ya zazzage shi kan shimfiɗa, ya mayar wa Alhaji abin da ya biya, a tafin hannu.

"Ranka shi daɗe, masu la'asar saye su kai, ba tsintuwa ba. Kuma abin da na yi wa ban-ruwa wata huɗu ba a taɓa shi da takalmi."

Alhaji ya kira shi tsohon banza, mai baƙin talauci. Kawu ya koma ya zauna yana goge ƙananan ɗaya bayan ɗaya da bakin riga. Mutumin ke nan da ya zo ya ce an koya masa zaman duniya.

Akwai kuma wani tsohon hedimasta daga Shagari. Lokacin da yake aiki da hantsi yake zuwa a babur, yana sayen matsakaita wurin maƙwabta. Da ya ajiye aiki abubuwa suka tsaya masa, babur ya tafi, ya koma zuwa bayan la'asar. Rigarsa wankakkiya, a goge, amma wuyan ya sha ɗinki. Rabin masu kasuwar ya koyar da su ko 'ya'yansu. Ranar farko ya zaga layin albasa sau biyu bai tsaya ba. Ba ya iya tsugunawa gaban ƙanana da masu tabo ɗalibansa suna kallo.

Kawu ya kira shi. "Malam, ka wuce ba gaisuwa. Ko an ba ka gwamna?"

"Wane ni. Iska nike sha."

"Iskar kasuwa wari gare ta. Taho ka zauna."

Ya zauna gefen buzu suka yi hirar ruwan bana. Da zai tashi ya sayi kashi guda, ya riƙe ledar a fili, bai cusa ta cikin riga ba. Irin ledar da masu motoci suka ɗauka da safe ce, ba mai iya bambancewa. Daga ranar har ya rasu wurin Kawu yake saye. Kawu bai taɓa ba shi kyauta ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kyauta kashe shi za ta yi. Ba albasa ya rasa ba."

Ba waliyyi ba ne. Yana da faɗa, yana da riƙo. Abin da ya ƙi samu a kasuwa, gida ne ya ɗauki nauyinsa. Maƙwabtansa na layin albasa sun yi rufin kwano, wasu sun je Makka. Ɗakin Inna kuwa sai da taubashina ya fara aiki aka daina jera kwanoni a ƙasa in ana ruwa. Mai tabo Kawu ba ya kai ta kasuwa, don haka gida take zama, a yanke ruɓaɓɓen gefen a yi miya da sauran. 'Ya'yansa sun tashi suna jin ana yabon ubansu a kasuwa, suna cin ruɓaɓɓiya a gida. Ba ɗaya cikinsu da ya bi shi fadama. Ban ga laifinsu ba.

Ni na bi shi, kuma ba don ina so ba. Akwai daminar da amai da gudawa suka shigo garinmu. 'Ya'yana uku suka tafi cikin mako guda. Na daina fita. Mutane suna zuwa suna ce mini haƙuri, har na tsani kalmar. Kawu bai ce ba. Da kaka ta wuce, wata safiya ya tsaya ƙofar ɗakina ya jefo mini fartanya.

"Iri ya isa dashe. Ba ni da hannu."

Na ce ba ni iyawa.

"Ban tambaye ka ba."

Na bi shi. Ya yanka mini fangali goma sha biyu daga nasa, bai ce aro ba, bai ce kyauta ba. A shekara ta biyu bel ɗin injin ban-ruwa ya cinye mini yatsu biyu. Shi ya ɗaure hannun da rawaninsa, ya riƙe ni a bayan babur har asibiti a Bodinga, yana zagina dukan hanya don kada in suma. In ina tsaye yau, bayan Allah shi ne. Na faɗi wannan don a san wanda na yi wa abin da zan faɗa.

Shekara tara muna kasa albasa tare a gindin dogon yaron nan. Allah ya sake ba ni 'ya'ya, gida ya cika. Ina kallon motoci suna tsayawa gaban maƙwabta suna kwasar kwando-kwando, mu muna zaune muna jiran mai tsugunawa. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ya ce in na gaji, titi bai da ƙofa.

Wata ranar kasuwa aka yi rasuwa a Mandera, abokinsa ne na ƙuruciya. Ya tafi jana'iza da sassafe ya bar mini kaya. Yana ba da baya na zazzage buhunan na raba su uku. Na cika kwando da manya na tsaya bakin titi. Na yi gudu zuwa mota, ina riƙe da kwando da hannuna mai yatsu uku, ina cewa ranka ya daɗe. Kafin hantsi ya ɗaga manya sun ƙare. Kafin azahar matsakaita sun ƙare. Ban taɓa ganin kaya sun tashi haka ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ya dawo dab da la'asar. Ya tsaya ya dubi abin da ya rage, ƙanana zalla, kamar ƙwan zabo. Na nuna masa buhunan da suka zama wofi.

"Kawu, dubi. Tun yaushe rabonmu da haka?"

"Na gani. Zauna."

Ya nuna mini tsakiyar buzunsa, inda shi kaɗai ke zama. Shi ya koma gefe ya tsaya, ya dogara da sanda.

"Masu la'asar na tahe. Kai ka ware, kai za ka ba su. Ka riƙa duban idonsu."

Suka zo. Matan da suka saba samun manya biyu a kowane kashi. Kowace ta tsuguna, ta duba, ta ɗaga kai ta dubi Kawu. Shi kuma ya nuna ni da haɓa. Ba wadda ta yi ƙorafi. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Suka saya suka tafi. Ɗaya ta ce, "Yau ba a yi da mu ba ke nan," tana murmushi, kamar ita ce ta yi laifi.

Da aka watse na fashe. Na ce masa yana ciyar da girman kansa da yunwar iyalinsa. Na ce matan nan ko'ina ƙanana suke saye, ba wadda ta mutu. Na ce Inna ta tsufa a ɗaki mai yoyo don kawai a ce mijinta mai gaskiya ne. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Ya ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

"Duk abin da ka faɗi haka shike. Ɗauki buhunanka."

Mako na gaba na shimfiɗa nawa a tsallaken titi. Shekara shida ina raba uku, ina gudu zuwa mota. Na yi rufin kwano. Fangalin da ya yanka mini bai karɓe ba, ruwa ma injinsa ke ba mu tare, amma in mun haɗu a fadama daga ina kwana sai lafiya. In na ɗaga kai daga kwando ina hango shi, ƙafa a miƙe, yana jera bakwai-bakwai. Bai taɓa kallon wajena ba, ko kuwa ni ne ban taɓa kama shi ba.

Kwana biyu kafin ya cika ya aika a kira ni. Da rana ne, taubashina yana zaune a bakin gado. Kawu ya rame, murya ta tafi.

"Wurina na kasuwa, na ba ka."

Taubashina ya yi dariya, irin wasan da ke tsakaninmu tun muna yara, amma yau da ƙaya a ciki. "Baba, wanga? Mai tseren mota? Kafin a yi addu'ar bakwai ya raba albasa gida uku."

"To kai taho ka zauna."

Taubashina ya dubi takalminsa.

Na ce, "Kawu, in kasa yadda kake kasawa?"

So nake ya ce i. Da ya ce, da ta zama wasiyya, in riƙe ta ko ina so ko ba na so, in ce wa matata ba yadda zan yi. Ya san haka. Ya rufe ido ya ce, "Wuri na ba ka. Hannu kuwa da naka ka zo."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Bai ce ya yafe ba, ban roƙa ba. Mu biyun ba mu iya wannan ba.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki buzunsa na shimfiɗa a gindin dogon yaro. Na miƙe ƙafa na kasa bakwai-bakwai, manya biyu, matsakaita uku, ƙanana biyu.

Kasuwa ta farko mutane suka zo gaisuwa, suka saya don kunya. Ta biyu motoci suka tsaya, aka sauke gilashi, aka miƙo yatsa, don sun san ni, sun san ƙafata. Na zauna. Wani ya leƙo ya ce, "Kai ma ka zama tsohon ne? Tashi ka kawo manya, sauri muke." Na faɗa masa maganar Kawu, ta gona da warewa. A bakina ba ta zauna ba. Ya yi dariya ya ja mota zuwa gaba. Albasar ɗaya ce, fadama ɗaya, ruwa ɗaya, amma ba wanda ya sauko. A nan na gane ba ita suke tsuguna wa ba. Furfura ce, da shekara arba'in na ƙin tashi. Abin labari suka mai da shi, su koma birni su ce akwai wani tsoho a ƙauye da ya sa su tsuguna. Ni ba labari ba ne.

Ta uku na koma gida da fiye da rabin kaya. Masu la'asar sun saya, amma kashi ɗaya-ɗaya suke ɗauka, ba su tayar da buhu. Zafi ya shigo, kayan da suka sha rana sau uku suka fara laushi. Matata ta kwance buhu ta zura hannu ta fito da ruɓaɓɓiya, ta nuna mini. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni ba ni iya abin da Inna ta yi. Yaran da sunka rage muna ba za su ci wagga ba don a yabe ka." Mutum takwas ke ci daga hannuna. 

Kasuwa ta huɗu na ware. A kan buzunsa, a gindin itacensa. Na tashi na yi gudu zuwa mota, ƙafar ba ta manta ba. Kafin azahar saura ƙanana.

Bayan la'asar wata mata ta zo da goyo. Ban san ta ba. Da Kawu ne, da ya faɗi sunan ubanta da garinsu. Ta tsuguna inda ake tsugunawa. Ta dubi abin da ke shimfiɗe, ta dubi buzun, ta dube ni.

"Ba nan ne wurin tsoho mai bakwai ba?"

Na ce nan ne. Na ce ya rasu, an fi wata.

"Na ji. An ce mani wanda ya gaje shi na yin irin nashi. Shi ya sa na wuce kasuwarmu na taho nan."

Na ce an yi, an daina.

Ta ɗauki ƙarama guda ta juya ta a hannu, ta mayar. Ta ce, "Ashe sai yau ya rasu."

Ta sayi kashi guda duk da haka, don tukunya na jiranta. Na ɗora mata gyara har uku. Ta tsame su ta ajiye kan buzu, ta gyara goyonta ta tafi.

Ban koma bakwai ba. Mako mai zuwa ma uku zan raba. Ban yi wa mamaci ƙarya ba, ba zan yi wa kaina ba. Abin da zan iya ke nan, in sa a rubuta cewa an yi wani mutum a kasuwar nan wanda in ka fito daga wurinsa ba mai sanin ko kai wane ne daga abin da ka riƙo. Shi ya yi shekara arba'in. Ni na yi kasuwa uku.

Allah ka yi masa sauƙin da bai yi wa kansa ba, ka yafe masa abin da gidansa ya sha.

Yana maƙabartar Danchadi, gefen gabas, layi na biyu daga gindin aduwa. Ba alama a kansa sai ƙayar da muka ɗora saboda dabbobi. Ruwan farko ya sauka, ƙasar ta fara kwanciya.